Mai Gida Ba Ya Rawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Ɗanladi, wanda takardun Turawa ke kira Domingu. Gaisuwa mai yawa daga ubanka Tanko wanzami, da fatan ka isa Itapagipe, unguwar masunta ta bakin teku, lafiya, ka tarar da kawunka da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare ka a ruwa da tudu, ya kau da idon masu neman samari daga kanka. Uwarka tana gaishe ka. Ta ba ni saƙo har kashi bakwai, duka a kan abinci ne, na bar mata abinta.

In ka gama karanta takardar nan ka sa ta a murhu. Babu komai a cikinta sai zancen kiɗa, amma tun tawayen da bayi Musulmi suka tayar a unguwar Ladeira da Praça ɗan sanda ba ya tsayawa ya tambayi me rubutunmu na ajami ke cewa.

Ka san ni ba mai zama da kai ana hira ba ne. Kai ne ɗan fari, a inda na fito kuwa uba ba ya sakin baki da ɗan farinsa. Uwarka Bayarabiya ce, shekara ashirin da ɗaya ke nan tana gaya mini wannan al'ada shirme ce, wataƙila ma da gaskiyarta. Ga shi kuma duk sanda na buɗe baki a kan goge sai mu ƙare da faɗa. Takarda ba ta ɗaga murya, shi ya sa na zaɓe ta.

Ga yadda lamarin yake. Yaƙin kudu yana cin mutane, masu kamun soja kuma sun daina jiran a kawo kai. Saurayin da ba bawan kowa ba ne, ba kuma ma'aikacin kowa ba, shi suke nema. Kana nan makon jiya suka ɗauke ɗan maƙwabciyarmu a bakin rijiya, tulu na kansa. Kai ɗa ne, ba bawa ba, ba ka da ubangijin da zai je ya ce a sako masa kayansa. Dona Kilara, mai gidan rawar nan na bakin ruwa, tana neman wanda zai riƙe mata kiɗa dindindin, don hannun makaɗinta, tsoho Kaitano, ya fara karkarwa. Wanda ta ɗauka zai sami ɗaki a bayan gidan, da takarda mai hatimi wadda ta ce mutumin gidanta ne. Ku huɗu za ku gwada ranar Lahadi ta sama. Kujerar ɗaya ce.

Abin da ba ka sani ba shi ne, ni ma na taɓa hawa benen wannan gidan rawar da goge a hannu, don wannan kujerar, shekara goma sha shida da suka wuce, kana ɗan shekara biyar. Na faɗi. Uwarka ta sani, Kaitano ya sani. Kai an gaya maka ciwon kafaɗa ne ya raba ni da kiɗa. Kafaɗar daga baya ta zo. Zan ba ka labarin ranar kamar yadda ta gudana, ka tsinci abin da zai yi maka amfani.

A ƙasar Zazzau gidanmu gidan makaɗan kalangu ne, na mahauta. Aka kama ni ina da shekara goma sha biyar, aka ƙetaro teku da ni a jirgin bayi. A nan ubangijina ya ba da ni ga wani wanzami a unguwar Pelourinho in koyi aski, wanzaman garin nan kuwa ka san su, aska a dama, goge a hagu. Cikin shekara biyu na wuce wanda ya koya mini gogen Turawa. Ba cika baki nake ba, daga nan ne ma ciwon ya faro. Na fanshi kaina, na auri uwarka, aka riƙa kirana gidajen manyan da ke zaune a kan tudun gari ina yi musu kiɗa a falo, suna shan shayi suna kaɗa kai. Sai na ɗauka babu sauran abin da za a nuna mini a duniyar kiɗa.

Da na ji Sinyo Bentu, mijin Dona Kilara, wanda yake da rai a lokacin, yana neman makaɗi, ko taka Itapagipe ban yi ba in ga gidan. Uwarka na tuyar ƙosai ta ɗago ta ce, "Baban Ɗanladi, ba za ka je ka leƙa wurin ba?" Na ce, "In leƙa me? Wanda ya yi wa matar alƙali kiɗa, masunta ne za su gagare shi?" Ta ce, "To." Ka san irin wannan "to" ɗin nata. Na zauna kwana goma ina gyara kiɗan balsa, wannan rawar da Turawa ke yi biyu-biyu suna juyi a hankali kamar masu tsoron fasa ƙwai. Mutanen da na tarar kuwa masunta ne, da masu like jirage, da mata masu wanki. Sun yi kwana shida ƙafafunsu a ruwa, ranar Lahadi kaɗai suke da ita, kuma ba su hau bene don su yi juyi a hankali ba.

Kana da Lahadi guda kafin taka. Ka je, ka bar gogenka a gidan kawunka. Ka nemi wuri kusa da randar ruwa, don duk wanda ya gaji nan yake zuwa, nan kuma ake faɗin gaskiya a kan makaɗi. Kada ka kalli hannun Kaitano, ka riga ka san abin da hannu ke yi. Ka kalli ƙafafu. Ka lura wa ke fara miƙewa, wane kiɗa ne ya tashe shi, bayan waƙa nawa mata ke fara fifita da gyale, yaushe tsofaffi ke shiga, yaushe suke fita. Kowane gida yana da mutum ɗaya ko biyu waɗanda in suka tashi kowa zai tashi. A zamanina wata ƙatuwar mai wanki ce, mai jan ɗankwali. Ta mutu, amma na tabbata an sami wadda ta gaje ta. Ka gano ta ka riƙe fuskarta. In an tashi kuma ka je ka gaida Kaitano, ka durƙusa kamar yadda za ka yi wa ubanka, ka tambaye shi abin da gidan ba ya so. Tsoho ne mai son a tambaye shi.

Ranar gwajin na shiga kwale-kwale da hantsi, gogena a kan cinya, ko ƙyalle ban rufa masa ba, don ina so mutanen jirgin su gani su tambaya. Sun kuwa tambaya. Iskar teku ita ma ta yi nata. Tsirkiyar da na ɗaure a tudu, inda iska ta bushe, ta sha laima ta saki kafin mu sauka. Na hau bene ana gab da farawa, ɗaki cike, na zauna ina murza kunnuwan goge, in ja bakan gogen in saurara, in sake murzawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji wani daga baya ya ce, "Wannan ita ce waƙar, ko tana tafe?" Aka fashe da dariya. Daga nan ɗakin ya riga ya yanke mini hukunci, ko ɗigon kiɗa ban yi ba.

Kai ka yi sa'a, gogenka zai kwana tara a iskar wurin kafin ranar. Duk da haka ka naɗe shi a bargo in za ka fita. Ka sa sabuwar tsirkiya tun yau, ba ranar Asabar ba, don sabuwa tana ja da baya kwana uku kafin ta zauna. Ka ajiye wata a aljihu, da ƙaro na goga baka. Ka isa tun ɗakin babu kowa, ka daidaita muryar gogen a kujerar da za ka zauna, ka ja baka sau biyu ka ji yadda bangon ke mayar da sauti. Benen katako ne, tagoginsa na kallon ruwa, yana haɗiye siririyar murya. In kuma tsirkiya ta tsinke maka ana tsakiyar rawa, kada ka tsaya. Ka ƙarasa da ukun da suka rage, ka yi wa mai ganga ido ya riƙe maka ɗakin har ka gyara. Masu rawa suna yafe kuskuren yatsa, yawancinsu ma ba sa ji. Shiru ne ba sa yafewa, don in ƙafa ta tsaya sai ta tuna ta gaji.

Zancen mai ganga ya tuna mini. Gidan yana da mai gangarsa da mai molon Turawa, su ba a canja su, duk wanda ya zo gwaji da su zai yi. Da na zauna mai gangar ya sunkuyo ya ce, "Malam, da me za mu buɗe, in san hannun da zan sa?" Na ce masa, ba tare da na dube shi ba, "Kai dai ka bi ni." Ya ce, "Na ji." Ya kuwa bi ni. Inda na yi sauri ya yi sauri, inda na yi tuntuɓe ya yi tuntuɓe, bai taɓa miƙo hannu ya tare ni ba. Ban ga laifinsa ba, abin da na nema ya ba ni. Kai ka neme su kwana biyu kafin ranar. Ka gaya musu jerin abin da kake so ka yi, ka tambaye su inda suke ganin za a yi gyara, in sun faɗa kuma ka gyara ko da guda ɗaya ne. Ku shirya alamar da za ka yi da kai in za ka sauya kiɗa, da wadda za ka yi in za ka rufe. Mutanen nan sun fi ka shekaru a kan wannan katakon, kuma za a tambaye su ra'ayinsu a kanka bayan ka sauka.

Don in rufe bakin mai dariyar nan sai na buɗe da waƙar da na fi ji da ita, wadda na yi wata uku ina sassaƙawa, mai hawa da sauka, yatsu na gudu har wuyan goge. Na yi ta da kyau, wannan kam ko Kaitano ya shaida. Mutane suna tsaye jikin bango, wasu ko takalmi ba su gama gyarawa ba, wasu na gaisawa. Aka tafa kaɗan. Babu wanda ya taka. Na harba babbar kibiyata a fili babu kowa, sauran abin da ke hannuna duk bai kai ta ba. Za a ba ka kamar waƙa shida, ba fiye ba. Ta farko ta gaisuwa ce, mai sauƙi, wadda kowa ya sani, mai tafiya daidai da tafiyar mutum zuwa kasuwa. Ta biyu ka ɗan ƙara gishiri. Wadda kake ji da ita ka riƙe ta sai ka ga gumi a goshin mutane. In ka ga ɗakin ya karkata wani wajen da ba ka shirya ba, ka watsar da jerinka ka bi shi. Jerin don kai aka yi shi, don kada ka ruɗe, su ba ruwansu da shi.

A waƙa ta uku na sauka daga dokin girman kai, na ja lundu, kiɗan da kowane ɗan garin nan ya sha da nono. Mai wankin nan mai jan ɗankwali ta miƙe. Ta ɗaure zane, ta shigo fili tana tafa hannu, mata biyu suka biyo ta, wani masunci ya ajiye hularsa ya shigo. Da na ci gaba da abin da nake yi, da wataƙila yau kai ne ɗan mai kujerar.

Daidai nan Sinyo Bentu ya shigo ya zauna a kujerarsa ta bakin taga.

Sai ka fahimci gidan da na tashi kafin ka yi mini dariya. A wurinmu makaɗi ba don taro yake kiɗa ba, don mutum yake yi. In Sarkin Fawa ya shigo kasuwa, ko me babana ke kaɗawa sai ya yanke, ya juya ya fuskance shi, ya sa takensa, ya kira sunan ubansa da kakansa. Wanda bai yi haka ba ya yi rashin kunya, kuma ba za a sake kiransa ba. Da wannan aka yaye ni. Na ma zo da shirina: na bincika sunan uban Sinyo Bentu, da garinsu a ƙasar Turawa, da sunayen jiragen kamun kifinsa guda biyu, na haɗa masa take da kirari cikin harshensu. Ina ganin wannan ne makamin da babu wanda ke da irinsa. Ya zauna ke nan na yanke lundu a tsakiya, na miƙe, na ba filin rawa baya, na tsaya a gabansa na fara. Na kira shi bijimin bakin teku, ɗan wane jikan wane, mai jirage biyu da ba sa dawowa wayam.

Mutumin ya yi ja har kunnuwansa. Ya duba hagu ya duba dama kamar wanda aka kama da kayan sata. Na ɗauka daɗi ne ya kama shi, na ƙara murya. Sai ya ɗaga sandarsa ya taɓa mini gwiwa a hankali, ya ce, "Tanko, ni ba na rawa. Ƙafata ta kumbura shekara uku ke nan. Juya."

Na juya. Filin babu kowa. Mai wankin ta koma bencinta tana kwance ɗaurin zanenta, ta ce da ta kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji, "Ya tashe ni tsaye ya tafi gaida mai gida."

Wannan shi ne babban abin da na zauna rubuta maka. Jinin gidanmu yana jikinka, na sha ganinka a wurin biki, da babban mutum ya shigo wuyanka ke karkata wajensa ba ka ma sani ba. A wancan gidan mai gida ba shi ne abokin kiɗanka ba. Shi mutanen da ke fili yake sayar wa yini guda na mantuwa, kai kuma don su ya ɗauke ka. Ko gwamna ne ya shigo, ka sunkuyar da kai kaɗan, hannunka na aiki, idonka na kan ƙafafu. Wanda ka tayar tsaye amana ce a hannunka har sai ka zaunar da shi da kanka.

Abin da na yi bayan nan ba shi da daɗin faɗa. Tsoro ya kama ni, na koma lundu da gudu, ina ganin sauri zai dawo da su. Mai ganga ya bi ni kamar yadda na umarce shi. Muka yi ta tsere mu biyu a ɗakin da kowa ke zaune. In fili ya watse maka, kuma yana iya watsewa ko ba ka yi laifi ba, kada ka kore su da gudu. Ka sauko ƙasa, ka koma wadda suka sani, ka nemi mutum ɗaya ka yi masa kiɗa shi kaɗai har ya ji kunyar zama.

Sai Kaitano ya hau, shi ma gwajin ya zo yi. Bayarabe ne, gajere, gogensa ma da ɗaurin zare a wuya. A yatsa bai kai rabina ba, shi da kansa yana faɗa. Ya raɗa wa mai ganga magana suka yi dariya tare. Ya ja wata tsohuwar waƙa mai layi uku wadda yara ke rerawa a bakin ruwa, ya kafa wa mai wankin nan ido, yana ɗaga mata gira. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, bai ƙara sauri ba ko kaɗan. A zagaye na huɗu ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka," ta miƙe. Bai bar shiru ya shiga tsakanin waƙa da waƙa ba, kafin wannan ta mutu ya riga ya saƙa kan ta gaba a cikinta. Kafin rana ta yi ja katakon benen yana lanƙwasa a ƙarƙashin ƙafata, ina tsaye jikin bango da gogena a hammata.

Shekaru bayan haka Kaitano ya zo aski wurina, yana kan kujera ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce, "Tanko, kai fa wanda ka tsaya yi wa kirari ba shi ke zaɓe ba." Ashe Dona Kilara ce, kuma ko ɗakin ba ta shigo ba. A ƙarƙashin benen akwai ɗakin ajiya, da fitila rataye jikin azara. Nan take zama ranar gwaji tana gyaran wake, tana duban fitilar. Makaɗin da ya sa ta lilo, aka daɗe tana lilo ba ta tsaya ba, shi take ɗauka. Ta ce fuska da riga da iya gaisuwa suna ruɗin mutum, katako kuwa bai san kowa ba. Ya ce a nawa lokacin fitilar ta motsa sau ɗaya, ta ɗan jima, sai ta tsaya cak. Har yau haka take yi, ya tabbatar mini. Saboda haka in ka duba ba ka ga Dona Kilara ba, kada gabanka ya faɗi, kada kuma ka yi ta waige kana nemanta. Tana ƙarƙashin ƙafarka.

Saura kuskure guda, shi ne ya fi tsada, kuma ba da goge na yi shi ba. Ina saukowa daga bene Kaitano ya biyo ni har bakin ruwa. Ya ce, "Ɗan'uwa, tsaya. Hannun nan naka bai kamata ya tafi ba. Na roƙi mai gida, ya yarda ka zauna a bayana ka riƙa ja mini na biyu. Ni in riƙe fili, kai ka yi ado." Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Ni ɗan gidan kalangu ne. Ba na zama bayan wanda gogensa ke ɗaure da zare." Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya koma. Labarin kirarin ya riga ni isa tudu. Gidajen da ke kirana suka fara kiran wasu, aski kaɗai kuma bai ciyar da mutum huɗu a lokacin. Na shiga dakon Turawa a kujerar da ake saɓawa a kafaɗa, ni da wani, muna hawa da su daga bakin jirgi zuwa tudu. Shekara goma sha ɗaya sanda na kan kafaɗata. Ranar da na ajiye ta na ɗauko goge, yatsuna biyu na hagu sun ƙi lanƙwasuwa. Kaitano bai taɓa tuna mini maganar zaren ba, wannan kuwa ya fi mini ciwo da a ce ya zage ni.

To ka ji. In wani ya fi ka ranar, aka ce ka zauna a baya, ka zauna. In aka ce molo za ka riƙe, ka riƙe. In aka ce kujeru za ka jera kafin a ba ka waƙa biyu a ƙarshe, ka jera su da kyau. Abu ɗaya kawai za ka roƙa, cikin ladabi: a sa sunanka a takardar gidan. Ni girman kai ya ci mini yatsu biyu. A wannan shekarar kai abin da zai ci maka ya fi yatsu.

Za su miƙo maka giyar rake kafin ka hau, wai don hannu ya saki. Ka ce cikinka ba ya ɗauka, kada ka yi wa kowa wa'azi. Ka yi azahar a gidan kawunka kafin ka fita. Layar da uwarka ta ɗinka maka ta zauna a cikin riga, ba a wuyan goge ba.

Akwai maganar da ban taɓa yi maka ba, ban kuma iya yinta da baki. Ka fi ni hannu. Tun kana shekara goma sha huɗu na san haka, ranar da na ji ka ta bayan katanga kana jan waƙar nan tawa mai hawa da sauka, ka wuce wurin da ni kullum nake tuntuɓe. Na shigo na ce maka bakanka ya karkace. Bai karkace ba. Tsoro nake ji kada a yaba maka ka zama ni. Ko na yi daidai ko ban yi ba, Allah ya sani, amma na hana ka abin da yake haƙƙinka, kuma abin yana damuna.

In Allah ya ba ka, kada ka ƙetaro don ka kawo mana albishir. A bakin jirgi masu kamun suke tsayawa, kuma ba kowane soja ne ke duba takarda kafin ya ɗaure mutum ba. Ka zauna a ɗakin da aka ba ka har yaƙin nan ya ƙare, ko shekara nawa zai ɗauka. Labari zai iso mu da ƙafarsa. In kuwa ba a samu ba, kada ka shiga kwale-kwale. Ka biyo ta ƙasa da sassafe ranar Litinin, cikin mata masu kai kaya kasuwa, ka ɗauki kwandon wata a ka. Uwarka ta share maka saman rufi, mun gwada, mutum yana iya kwanciya a ciki in bai miƙe ƙafa ba.

Ranar Litinin ɗin zan fito da kujerar aski bakin ƙofa kamar kullum, inda ake hango gangaren har ƙasa. Tun da ka fara tafiya, duk sanda ka fita nakan duba hanyar nan in ga ka dawo, ko da yake ban taɓa bari ka kama ni ina dubawa ba. Wannan karon zan zauna ina dubanta ina roƙon Allah kada ya nuna mini kai.

Allah ya daidaita maka hannu, ya ba ka ƙafafun mutane. Allah ya rufe ka daga masu kamu, ya tsare ka zaune da tafe, ya sa ka tsufa da yatsunka goma. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Ka gaida kawunka.

Wassalam.

Ubanka,
Tanko wanzami